Sunan da Na Riƙe Har Damagaram

Assalamu alaikum, 'yan uwana matan Islamiyyarmu ta Fadaman Mada. Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a hanyar gidan suna, waccan ta turo saƙon murya, Maman Khalifa kuwa har gida ta zo da ledar lemo wai sannu da zuwa, alhali labari ta zo ɗauka. Tambayar kowa ɗaya ce: "Wai Maman Sadiq, da gaske fim kika je yi?" Kowace na fara ba ta labarin, ba ma kaiwa rabi sai a kira salla ko girki ya kama. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ta karanta a lokacinta.

Da farko in wanke kaina: ban yi fim ba, rakiya na yi. Kun san babbar yarinyar gidanmu, wadda ƙannenta ke kira Yaya Darakta. Ita ce ta fari, kuma kun san yadda muka taso. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa kama sunanta da bakina ba. In tana kusa in ce "ke", in tana nesa in ce wa Sadiq ya kira yayarsa. Ko sunan da kuke kira na da shi, na ɗana na biyu ne. Haka Innarmu ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah, ni ma ban taɓa zama na tambayi kaina dalili ba.

Aikinta shirya finafinan gaskiya ne, ba irin na soyayya ba. Za su je su sami mutum a inda yake, su ɗauki sana'arsa da maganarsa yadda take. Wannan karon labarin wata tsohuwa ta samu a Damagaram ta ƙasar Nijar, Inna Tasalla, mai kiɗan ƙwarya, wadda aka ce ita kaɗai ta rage a cikin sa'o'inta. Wata huɗu tana waya da jikar tsohuwar kafin aka amince.

Baban Sadiq bai taɓa son wannan aiki ba. Ya ma riga ya samo mata koyarwa a wata makaranta a Gwallameji. Ranar da ta durƙusa neman izini ya daɗe yana jujjuya hularsa, sannan ya ce, "Ki je, amma da uwarki. In kin dawo da abin da zan kalla ban sunkuyar da kai ba, na sakar miki. In kin dawo hannu rabbana, ki ajiye kyamara ki ɗauki alli, kuma kada in sake jin maganar." Ta ce ta yarda. Ni ba a tambaye ni ba, sai dai na ji ana cewa in haɗa kaya.

Mu huɗu muka tashi bayan sallar asuba. Akwai Isyaku mai kyamara, magidanci mai 'ya'ya uku, shi ne kuma direba. Sai Bulus mai ɗaukar murya, mutumin Bogoro, dogo, mai yawan dariya, wanda tun daga ƙofar gida ya fara ce mini, "Mama, ka zauna gaba, baya akwai kaya." Ya shigo da wata doguwar sanda, a bakinta wani abu mai gashi buzu-buzu. Wallahi na ɗauka mushen kyanwa ne, har na matsar da ƙafata. Ashe makirfo ne, gashin kuma don tare iska.

Ni kuwa guzuri na yi irin na mai barin ƙasa: kular masa, kular miyar taushe, dambun nama, yaji, har da 'yar tandata da mudun shinkafa biyu. Darakta ta ce, "Umma, kwana biyar ne fa, ba hijira ba." Na ce ke dai sa a mota.

Ba mu kai Ningi ba muka faɗa wani rami, kular miya ta kife a kan wani faifai mai sheƙi da suke haska fuskar mutum da shi. Isyaku ya dafe kai. A gidan mai na sa aka ba ni ruwa na wanke shi tas da sabulu, amma har muka je muka dawo, duk wanda aka haska da faifan nan sai ya shaƙi daddawa. Bulus ya ce ai gara haka, duk inda muka je za a san daga Bauchi muke.

Abin da ya fi ba ni mamaki a motar nan ba hanya ba ce, yarinyar ce. A gida ita ce mai shiru, mai wanke-wanke ba a sa ta ba. A nan kuwa takarda a cinya, biro a baki: "Isyaku, ka caja batir na biyu? Bulus, muna isa ka fara ɗaukar mini muryar unguwa." Maza da gemunsu suna "To, Darakta." Na riƙa satar kallonta ta madubi kamar baƙuwar da aka rage wa hanya.

Mun kwana a Kano gidan ƙanwar Baban Sadiq, da safe muka bi ta Daura. A bakin iyaka aka tsayar da mu. Aka ce a sauke kaya duka. Wani jami'i na ɓangaren can, siriri, mai tsagen fuska, ya duba takardunmu ya ga sun cika, amma idonsa na kan mushen kyanwar nan. Bulus ya kunna masa, ya ɗora masa abin sauraro a kunne, ya juya sandar. Ni ina can gefe ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, nesa da su, ina jan carbi a cikin hijabi, ina "Hasbunallahu wa ni'imal wakil" a hankali yadda ko ni da ƙyar nake ji. Sai na ga mutumin ya fashe da dariya, ya ɗago hannu ya ce, "Hajiya, addu'ar ta karɓu, ku wuce!" Kunya ta kama ni kamar in nutse. Bulus ya ce, "Mama, wannan abu ko tururuwa ya yi tari yana ji." Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mun shiga Damagaram da la'asar. Maza suka kama ɗaki a masauki, ni da yarinyar muka sauka gidan Inna Tasalla, a ɗakin jikarta Ramatu, mai fara'a, mai goyon wata biyar. Mutanen nan akwai karamci, sai dai ba sa gaggawa. Gaisuwa kaɗai sai ta ci lokacin da za ki dafa taliya. Aka kawo shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna, na shanye na miƙe zan yi alwala, Ramatu ta ce ina zuwa, ai na farko ke nan, saura biyu. Burodinsu dogo ne kamar muciya, ɓawonsa har yana yankar dasashi. Fura kuwa a wurinsu abincin rana ce sosai, ba abin sha bayan abinci ba, kuma ban taɓa shan mai daɗinta ba, Allah ya gani. Hausarsu tamu ce, an dai barbaɗa mata Faransanci. Acaɓa su ce kabu-kabu, makaranta su ce lakwal. Su ma dariya suke mana, wai mutanen Najeriya ko sallama a guje muke yi.

Inna Tasalla 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ido ɗaya ya yi fari, bakinta ja da goro. Ba ta da yawan magana. Ta riƙe hannuna ta daɗe, ta ce, "Kun sha hanya." Shi ke nan.

Washegari da hantsi aka shirya a tsakar gida, bayan an nemi izinin shigowar maza. Tsofaffi biyar da suka taso a bayan Inna suka zauna tare da ita a tabarma, kowace da ƙwaryarta a kife da 'yan sanduna. Ta Inna daban ce, an kifa ta a kan ruwa cikin babban kwano, in ta buga sai ki ji sautin a ƙirjinki. Isyaku ya kafa kyamara, Bulus ya ɗaga sandarsa, Darakta ta sa abin sauraro a kunne ta tsaya bayan wani ɗan allo tana kallon abin da ake ɗauka.

Inna ta fara da salati. Daga nan, maimakon waƙar biki da nake zato, sai ta shiga kiran sunaye. Ɗaya bayan ɗaya, mata ne duka: wadda ta koya mata kiɗa, waɗanda suka yi amshi tare, duk sun rasu. Ta kira suna, tsofaffin su amsa da "Allah ya jiƙanta," ƙwarya na tafiya a ƙasa a hankali. Tsigar jikina ta tashi.

Ana cikin haka wani ɗan kabu-kabu ya ratsa ta bayan katanga da salansa a fashe. Na ga Bulus ya yamutsa fuska ya girgiza kai. Sai yarinyar nan ta ɗaga hannu, da muryar nan tata ta cikin mota, ta ce, "A tsaya! Inna, yi haƙuri, ƙara ta shiga. A sake daga farko."

A wurinsu wannan ba komai ba ne. Daga baya Isyaku ya ce mini akwai ranar da suka sa mai rini ya tsoma zane sau tara. Amma a nan abin daban ne. Inna ta ajiye sanduna. Ta ɗaga ƙwaryar, ta kama bakin kwanon ta tuntsurar da ruwan a ƙasa, har ya gangaro ƙarƙashin ƙafar kyamara.

Ta ce, "Na kira mutanena sun taho, kin ce su koma? In sake kiransu kamar 'yan aike?" Ta dafa bango ta shige ɗaki, ta saki labule.

Ramatu ta ja mu gefe. Ta ce in Inna ta zubar da ruwa, an gama ke nan. Sau ɗaya ta taɓa ganin haka, a wani gidan biki, kuma har yau Inna ba ta sake taka gidan ba. Darakta ta je bakin labule ta durƙusa, ta yi sallama sau uku, ba a amsa ba.

Da yamma na same ta a bayan ɗaki zaune a kan akwatin kayan aiki. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Umma, jibi mu koma. Abba ya yi gaskiya." Wallahi zuciyata cewa take in rungume ta, amma hannuwana ba su san hanya ba. Shekara ashirin da bakwai ban koya musu ba. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Ke, kin ci abinci?"

Na bar ta na je na jiƙa shinkafata. Ita ce kawai abin da na iya.

Da safe Ramatu ta kai mini niƙa, ƙulli ya tashi, na ɗora tanda. Na jera masa mai zafi a kwano, na zuba yaji a gefe, na yi sallama ɗakin Inna. Ta amsa. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta gutsira, ta daɗe tana taunawa.

"Wannan ce masar Bauchin da kuke cika mana baki da ita?"

"Ita ce, Inna."

"To, ba ƙarya kuke ba. Biko aka aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni. Yarinya ta yi kuskure, ba ta sani ba. Ki dubi Allah ki yafe mata. In ta koma ba komai, mahaifinta zai raba ta da aikin nan, kuma ransa ke nan... ranta, ina nufin, a kansa yake." Har harshena ya sarƙe.

Ta ci ta biyu. Sannan ta juyo da idonta mai gani ta ce, "Wace ce ita a wurinki? Kwana biyu ina kasa kunne. Ke zo, ke tafi, ke kin ci abinci. Ba ta da suna ne?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ta fari ce."

"Na sani. Tun shigowarku na gane, don ko inuwarta ba kya bari ta taɓa taki." Ta goge hannu a zani. "Ni ma na yi ta fari. Na yi mata kunya irin wadda ake yabo, har ana misali da ni a unguwa. Ta rasu wurin haihuwar Ramatu. Ina riƙe da ƙafarta, ana cewa in kira ta ko za ta buɗe ido, na kasa. Wallahi na buɗe baki, sunan ya ƙi fita."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Ta ce, "A cikin kiɗan nan kaɗai nake samun bakin faɗarsa. Shi nake ajiyewa ƙarshe. Jiya saura suna ɗaya in kai kanta, 'yarki ta ɗaga hannu."

Can ta nisa ta ce za ta yi, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ko sama za ta faɗo ba mai tsayar da ita. Na biyu, ita ba ta yi wa wanda ba ta sani ba kiɗa, kuma a al'adarsu uwa ce ke miƙa wa mai waƙa sunan ɗanta.

Na ce, "Inna, ai Ramatu ta san sunan."

Ta ce, "Ramatu ce ta haife ta?"

Na fito tsakar gida. Na san ba addini ne ya hana ni ba, malamarmu ta sha faɗa mana wannan al'ada ce kawai. Amma ku da kuka yi ta fari kun san abin da nake nufi. Ba hani ba ne, nauyi ne, kamar an ɗora miki dutsen niƙa a harshe. Na yi sallar azahar na daɗe a kan dadduma. Na gaya wa yarinyar sharaɗi na farko kawai.

Bayan la'asar aka sake shimfiɗa tabarma. Darakta ta durƙusa gaban Inna ta nemi gafara, Inna ta dafa kanta. Ramatu ta cika kwano da ruwa, aka kifa ƙwarya. Kowa ya koma wurinsa. Inna ta ɗaga sanda, sai ta tsaya ta yafito ni.

Dabara ta zo mini. Na ce a raina ai cewa ta yi in ba ta sunan, ba ta ce in yi shela ba. Na tsuguna, na kai bakina daidai kunnenta, na kare da gefen hijabi, na raɗa mata a hankali yadda na tabbata daga ni sai ita sai Allah.

Na manta da mushen kyanwar Bulus, yana nan rataye a saman kanmu.

Da na ɗago sai idona ya faɗa kan yarinyar. Tana tsaye bayan allonta, hannuwanta biyu dafe da abin sauraron a kunnuwanta kamar mai tsoron kada ya faɗi. Bakinta a buɗe kaɗan. Ba allon take kallo ba, ni take kallo. Irin kallon da ta yi mini ranar da na fara kai ta makaranta na juya zan tafi.

Sai na ji kunyar ta juye. Ba kunyar faɗar sunan ba, kunyar cewa da sata ta fara jinsa daga bakina. Na miƙe tsaye, na dubi Inna, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Sunanta Rukayya. Rukayya 'yata ce, ta fari."

Tsofaffin nan suka rangaɗa guɗa. Inna ta sauke sanda a kan ƙwarya.

Abin da ya biyo baya ba zan iya rubuta shi ba, sai kun gani. Akuya ta yi kuka, goyon Ramatu ya tsala ihu, kabu-kabu biyu suka wuce, Bulus na ta zare ido, amma hannun Darakta bai motsa ba. Inna ta kira mutanenta ɗaya bayan ɗaya har ta kai na ƙarshe. Ta ce "Zainabu," ta ja shi a hankali kamar mai lallashin jariri, muka amsa da Allah ya jiƙanta. Daga nan kiɗa ya sauya, ya yi sauri, ta shiga waƙoƙin biki da na suna da na daka, har ta saƙa sunan Rukayya 'yar Bauchi a ciki, wadda ta zo da gaggawa ta koyi zama. Isyaku yana ɗauka yana share ido da kafaɗa. Sai da rana ta yi ja aka tashi, kuma da hannunta Inna ta miƙa wa Rukayya kwanon ta ce ta zuba wa bishiyar tsakar gida ruwan.

Ranar tafiya na bar wa Ramatu tandata. Inna ta ba ni 'yar ƙwarya ta ce in riƙa shan fura ina tunawa da ita. A iyaka muka sake samun jami'in nan, yana hango ni ya ce, "Hajiya mai addu'a, an dawo lafiya?"

Da muka dawo, sati biyu yarinyar tana kulle a ɗaki tana haɗa aikin. Na ce ta cire wurin nan nawa, ta ce, "Umma, fuskarki ba ta fito ba, bayanki ne kawai. Murya kuwa, ki yi haƙuri, wannan hukuncin darakta ne." Ranar da ta kunna wa Baban Sadiq, ya kalla tun daga farko har ƙarshe. Da aka zo kan muryata ya waiwayo ya dube ni, na tashi na shiga kicin. Da aka gama ya yi gyaran murya ya ce a tura masa a waya, akwai wani abokinsa a masallaci da yake so ya gani. Maganar alli ba ta sake tasowa ba.

Kada ku ɗauka harshena ya saki gaba ɗaya. Mun dawo na koma "ke" ɗina, don sabo. Sai shekaranjiya da safe, ina kicin tukunya na neman ƙonewa, hannuna cikin ƙulli, na ji bakina ya ce, "Rukayya, zo ki sauke mini tukunyar nan!" Sadiq ya saki kofin shayi. Baban Sadiq ya rage muryar rediyo. Ita kuwa ba ta fito ba. Na sauke tukunyar da kaina, na leƙa da niyyar faɗa, sai na gan ta tsaye a bakin ƙofar ɗakinta tana murmushi, ido cike da ruwa.

Na ce, "Ba ki ji ina kira ba?"

Ta ɗaga hannu kamar yadda take yi a wurin aiki, ta ce, "Na ji, Umma. A sake daga farko."

Na sake.

Allah ya jiƙan Zainabu da iyayenmu da suka rigaye mu, ya ƙara wa Inna Tasalla lafiya, ya shirya mana zuriya, na fari da na ƙarshe. Maman Khalifa, ga labari kin samu, sai ki zo ki ɗauki ledarki.